Kun Tambaya, Mun Amsa: Taragan Kaya da na Gyaran Layin Dogo

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata kusan duk sun karkata ne ga taragan da ba su ɗaukar fasinja, wato na kaya da na ma'aikatan gyaran dogo, kuma wasu daga cikinsu sun fito ne daga matasan da ke ƙera ƙananan samfuran jirgin ƙasa a gida. Mun zaɓi shida, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani malamin firamare a Zariya: Idan na bi ta kusa da tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari nakan ga tsofaffin taragai iri-iri a jere, wasu rufaffu, wasu a buɗe, wasu kamar tanki. Me ya sa ba a yi su iri ɗaya ba, kuma wane iri ne ya riƙa ɗaukar gyaɗar Kano?

Malam, kowane tarago an ƙera shi ne bisa halin kayan da zai ɗauka, shi ya sa wanda ya saba da su yakan iya faɗin abin da wata ƙasa take sayarwa da abin da take saye ta hanyar duban taragan da ke tsaye a tasharta. Rufaffen tarago, mai rufi da ƙofa mai zamewa a kowane gefe, shi ne na kayan da ruwa ke ɓatawa ko ɓarawo ke sha'awa, kamar buhunan gyaɗa, dilolin auduga, fatu da ƙiraga, gishiri, siminti da huhunan goro. Buɗaɗɗen tarago mai bango ba rufi na kwal ne da duk abin da bai damu da ruwan sama ba, kuma irinsa ne ya riƙa kwaso kwal daga Inugu bayan da aka haɗa garin da Fatakwal a 1916. Akwai shimfiɗaɗɗe wanda ba shi da bango ko kaɗan, na gungumen katako, ƙarafa, motoci, da kwantena a zamaninmu. Akwai na tanki domin man fetur, kananzir da ruwa. Sai kuma mai siffar mazurari, wanda bangonsa ya karkace zuwa ƙasa inda ƙofofi suke, ta yadda da an buɗe su tama ko tsakuwa za ta zube da nauyinta ba tare da an sa shebur ba.

Gyaɗa kuwa a rufaffen tarago aka fi lodinta, ko a buɗaɗɗe a lulluɓe da tamfal idan rufaffun sun yi ƙaranci, kuma ƙarancin nan yana da hannu a tarihin Kano fiye da yadda ake zato. Lokacin da dogo ya iso Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka auduga suke hange domin masaƙun Lankasha ta Ingila, amma manoma da fatake suka lissafa ribarsu suka zaɓi gyaɗa, har abin da aka fitar a 1913 ya haura tan 19,000, abin da ya ninka na shekarar da ta gabata sau da yawa. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta hanya ce ta adana buhuna a fili har jirgi ya samu sararin kwashewa, kuma ta fi yawaita ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kawunan jirgi da taragai suka gaza wa amfanin gona. Da taragai sun wadata a kowace kaka, da yawancin dalolin ba su daɗe a tsaye har an ɗauki hotonsu ba.

Kada kuma ka manta da tarago na dabbobi, wanda ake barin tazara tsakanin katakan bangonsa domin iska ta ratsa. Da shi aka riƙa kai shanu kudu daga tashoshi irin su Kano da Nguru, kuma an sake gwada hakan a watan Satumba na 2016, lokacin da wani jirgi ya tashi daga Gusau zuwa Legas da shanu kimanin 500.

Tambaya daga wani ɗalibin koyon aikin injiniya a Kaduna: Wani ɗan'uwana ya kawo mini ƙaramin jirgin wasa na lantarki daga Ingila, da taragan kaya huɗu. Ina so in gina samfurin tsohuwar tashar Kano da shi, amma idan na kwatanta da hotuna sai in ga kamar ƙafafun sun yi faɗi. Idona ne ko kuwa?

Idonka lafiya lau, ɗan'uwa, kuma ka lura da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba sai sun kashe kuɗinsu. Tsohon layin da ya tashi daga Legas zuwa Kano da Nguru, da na Fatakwal zuwa Maiduguri, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa uku da inci shida ce, wato milimita 1,067. Layukan Ingila da Amurka da yawancin Turai kuwa milimita 1,435 ne, kuma irin wannan faɗin ne aka yi wa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Itakpe zuwa Warri, da na Legas zuwa Ibadan. Jirgin da aka kawo maka, idan na kamfanin Hornby ne ko Bachmann na kasuwar Ingila, an yi shi a ma'aunin da suke kira OO, inda kowane abu ya ƙanƙance sau 76, yana kuma tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa a sauran duniya, yana rage abu sau 87 a kan wannan dogon dai.

Ga lissafin da zai fisshe ka. Idan ka raba 1,067 da 87 za ka samu milimita 12 da ɗan ɗoriya, saboda haka wanda yake son tsohon layinmu a ma'aunin HO sai ya nemi dogo mai faɗin milimita 12, irin wanda kamfanonin Peco da Tillig da Bemo suke yi. Amma akwai hanyar da na fi so, wadda masu wannan sha'awa a Niyu Zilan da wasu sassan Ostireliya suka daɗe suna bi domin su ma layukansu 1,067 ne: ka raba 1,067 da 64, za ka samu kusan 16.7, wanda bambancinsa da 16.5 ido ba ya gani. Ma'ana, ka riƙe dogon da ke hannunka, ka riƙe ƙafafun taragan da injin da ke cikin kan jirgin, sannan ka gina sabuwar gangar jiki a kansu a ma'aunin 1 bisa 64, inda kowace mita ɗaya take zama milimita 15.6. Taragon zai fito da ɗan girma, ya yi wa dogon rumfa ta kowane gefe, kuma haka ainihin taragan ƙaramin layi suke idan ka tsaya a gabansu. Ga wanda yake yanka kwali da gwangwani da hannu, wannan ƙarin girman sauƙi ne babba.

Idan wata rana sha'awarka ta kai ka ga ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos zuwa Bukuru domin kwaso kuza, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957, faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne, wato milimita 762, kuma a ma'aunin HO dogo mai milimita 9 shi ya dace da shi.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kafanchan: Marigayi kakana ya yi aikin reluwe, kuma yakan ce shi a ɗan ƙaramin tarago na ƙarshen jirgin kaya yake zama shi kaɗai. Mene ne aikin wannan tarago?

Allah ya jiƙan kakanki, Malama. Bisa ga abin da kika kwatanta, gadi ne na jirgin kaya, kuma ɗakin da yake zama shi ne taragon birki. Asalinsa ya samo ne daga zamanin da taragan kaya ba su da birkin da direba zai iya takawa daga gaba. A wancan tsari, wanda Ingila ta daɗe a kansa fiye da yawancin ƙasashe, jirgi mai taragai da yawa yana da birki a wuri biyu kacal yayin tafiya: a kan jirgi, da kuma a wannan tarago na ƙarshe, wanda ake ƙara masa nauyi da ƙarfe ko kankare domin ƙafafunsa su kama dogo sosai. Gadi yana da wata sitiyari a tsaye a tsakiyar ɗakin, idan jirgi ya fuskanci gangara sai ya murɗa ta domin taragai su miƙe kada su yi ta karo da juna, idan kuma mahaɗi ya tsinke a kan hawa, shi ne zai tsayar da rabin da ya ɓalle kafin ya gangara baya. Takardun kaya suna hannunsa, haka fitilar bayan jirgi, wadda ma'aikacin tasha yake dubawa domin ya tabbata jirgin ya wuce cikakke bai bar wani tarago a daji ba.

Daga baya aka samu birkin da ya ratsa jirgi gaba ɗaya, kuma iri biyu ne. A na farko, wanda Turawan Ingila suka yaɗa a ƙasashen da suka mallaka har da tsohon layinmu, kan jirgi yana zuƙe iskar da ke cikin wani bututu da ya bi ƙarƙashin kowane tarago. Muddin bututun ba iska, birki a sake yake, da zarar iska ta shiga kuwa sai ya kama. Na biyu shi ne wanda George Westinghouse ya ƙirƙiro a Amurka, ya yi masa rajista a 1869 ya kuma inganta shi a 1872, inda ake cika bututun da matsattsiyar iska, raguwarta ce take sa birki ya kama. Hikimar duka biyun ɗaya ce, domin idan jirgi ya rabu biyu bututun yakan tsinke, sai kowane ɓangare ya tsaya da kansa. Wannan ne ya rage wa taragon birki muhimmanci, har ƙasashe da yawa suka daina jona shi suka maye gurbinsa da fitila ko wata na'ura a bayan tarago na ƙarshe. Ga mai ƙera samfurin jirgin gyaɗa na shekarun 1950 dai, jirgin bai cika ba sai da shi.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa mai yawan bin jirgin Rigasa ta Kaduna zuwa Idu ta Abuja: Nakan ga wasu injuna masu launin rawaya a ajiye a gefen layi, da taragai cike da tsakuwa. Dogon ƙarfe ne a kan kankare, wane gyara yake bukata haka?

Alhaji, dogo yana motsi fiye da yadda fasinja yake ji. Ƙarafan biyu suna ɗaure ne a kan abin da ma'aikata suke kira silifa, wato ginshiƙan da aka jera a kwance, su kuma silifofin suna zaune a cikin tsakuwa ba tare da an kafe su da komai ba. Tsakuwar ita take raba nauyin jirgi a kan ƙasa, ita take barin ruwan sama ya tsiyaye, ita kuma take riƙe silifa kada ta gusa gefe. Dole ta zama fasasshen dutse mai kaifin gefe, domin irinsa ne yake cije juna; tsakuwar rafi mai santsi zamewa take yi. Kowane jirgi da ya wuce yana ɗan niƙa ta yana danna ta, damina tana kawo laka, hunturu yana kawo ƙura, a hankali sai wani wuri ya lotsa, wani ya karkace, kuma milimita kaɗan sun isa su sa tarago ya fara rangaji.

Taragan da ka gani su ne masu kawo sabuwar tsakuwa. Siffar mazurari gare su, amma ƙofofinsu an tsara su ta yadda ma'aikaci zai iya zuba ta tsakiyar dogo ko ta dama ko ta hagu yayin da jirgin yake tafiya a hankali kamar tafiyar ƙafa. Bayansu sai injin da ke baje ta da wani abu kamar garma, sannan babban cikinsu, injin dannar tsakuwa. Wannan yakan kama dogon ya ɗaga shi zuwa daidai tsayin da aka auna, ya gyara masa karkata, sannan ya soka wasu yatsun ƙarfe masu karkarwa a gefen kowace silifa ya matse tsakuwar a ƙarƙashinta. Kamfanin Plasser & Theurer na ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa a 1953, da Matisa na Suwizalan, su ne suka fi suna a wannan sana'a. Kafin zuwan injunan, aikin nan leburori ne suke yinsa da jak da diga da shebur, ƙungiya-ƙungiya, kowace da 'yan milolin da aka damƙa mata, suna zuwa a kan ƙaramar kurar da ake turawa bisa dogo. Launin rawaya kuwa domin a hango su daga nesa ne.

Zafi ma yana da nasa aikin. Ƙarfen dogo mai tsawon kilomita ɗaya, da za a bar shi sake, zai ƙaru da kusan santimita 35 idan zafinsa ya hau da digiri 30, kuma tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin watan Afrilu ƙarfen da ke kwance a rana yakan ga fiye da haka. A tsohon layi an bar 'yar tazara a kowace mahaɗa domin wannan, ita ce take ba da ƙarar nan da kowa ya san jirgin ƙasa da ita. Inda aka yi wa ƙarafan walda suka zama ɗaya kuwa, nauyin silifar kankare da cizon tsakuwa ne kaɗai suke hana dogo lanƙwashewa, saboda haka ƙarancin tsakuwa a gefen layi haɗari ne na gaske. Tsohon layin kuma an yi amfani da silifar ƙarfe a wurare da yawa, domin katako a ƙasarmu abincin gara ne.

A rukunin taragan gyara akwai kuma dogayen shimfiɗaɗɗu na ɗaukar ƙarafan dogo, da tankin ruwa, da tsohon taragon fasinja da aka mayar wurin kwanan ma'aikata, da jirgin ceto mai ƙugiya wanda ake fitowa da shi idan tarago ya sauka daga layi. Irin waɗannan ƙugiyoyi kamfanonin Cowans Sheldon da Ransomes & Rapier na Ingila sun ƙera su da yawa, kuma kullum za ka ga shimfiɗaɗɗen tarago a gabansu wanda dogon hannun yake kwanciya a kai yayin tafiya. Wani abin dariya, reluwen Birtaniya ta laƙaba wa taragan gyaranta sunayen halittun ruwa domin taƙaita saƙon waya: na tsakuwa akwai Dogfish da Sealion, na ƙarafan dogo Salmon, taragon birki mai garmar baje tsakuwa kuwa Shark. Masu ƙera samfuri a can har yau da waɗannan sunaye suke saye da sayarwa. A ganina jirgin gyara shi ya fi dacewa da mai ƙaramin ɗaki, domin taragai uku ko huɗu sun isa ya zama cikakke, alhali jirgin gyaɗa mai taragai huɗu abin tausayi ne.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: Idan an gama layin Kano zuwa Maraɗi, tarago zai iya tasowa daga Legas ko Kwatano ya iso mana kai tsaye?

Layin da ake ginawa, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 kuma zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, mai faɗin 1,435 ne, saboda haka taragon tsohon layin Legas ba zai hau shi ba. Sai an kammala sabon layi mai wannan faɗi tun daga teku har Kano. Na Kwatano zuwa Paraku a Jamhuriyar Benin kuwa mita ɗaya cif ne, faɗi na uku ke nan, kuma a Paraku yake ƙarewa, inda a da aka saba sauke kayan Nijar a ɗora wa manyan motoci. Abin da ke sauƙaƙa irin wannan sauyi a yau shi ne kwantena, wadda ƙugiya take ɗagawa daga wannan tarago zuwa wancan ba tare da an buɗe ta ba.

Tambaya daga wani yaro ɗan sakandare a Gusau: Na ƙera taragai biyu da kwali da gwangwanin madara na sa musu ƙafafun da na ciro daga wani tsohon jirgin wasa, amma suna yawan faɗuwa a kwana, kuma sun yi kama da kayan wasan yara. Yaya zan yi?

Madalla da kai, ɗana, domin wanda ya fara da motar langa-langa ya riga ya koyi rabin aikin. Faɗuwa a kwana yawanci rashin nauyi ne. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta ba da shawarar cewa a ma'aunin HO tarago ya samu kimanin giram 28, sannan a ƙara giram 14 a kan kowane inci na tsawonsa, wato tarago mai tsawon santimita 15 ya kai wajen giram 113. Ka manna noti ko wasu 'yan ƙarafa a ƙasan taragon, can ƙasa kusa da ƙafafu kuma a tsakiya, domin nauyin da ke sama kifar da shi zai yi. Ka duba kuma cewa kowane rukunin ƙafafu yana juyawa a sake a kan kusarsa, kuma mahaɗan taragan biyu suna tsayi ɗaya, in ba haka ba ɗaya zai riƙa ɗaga ɗaya.

Kamar kayan wasa kuwa abu biyu ne suke jawo ta. Na farko rashin awo: ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa a komai, har da mutane da buhuna. Kwantena mai ƙafa 20, alal misali, tsawonta mita 6.06 ne da faɗin mita 2.44, saboda haka a ma'aunin 1 bisa 87 za ta zama milimita 70 da 28, a 1 bisa 64 kuwa milimita 95 da 38. Idan za ka auna tarago na gaske, ka nemi izinin shugaban tasha tukuna, ka tafi da babba, kuma kada ka shiga ƙarƙashinsa ko tsakanin biyu ko da sun shekara a tsaye. Ka kwafi rubutun da ke jikinsa, lambarsa da nauyinsa ba kaya da iyakar abin da zai ɗauka, domin wannan rubutun yana cikin abin da ke sa ido ya yarda.

Na biyu shi ne ƙyalli. Taragon kaya ba ya sheƙi, don haka ka guji fenti mai walƙiya, ka kuma tsufar da shi da gangan. Ka tankaɗe jar ƙasa da rariya mai laushi, ka shafa ta da busasshen burushi a ƙasan bango da kewayen ƙafafu inda ƙura take taruwa. Ka ja siraran layukan tsatsa daga kan kusoshi zuwa ƙasa, yadda ruwan sama yake gangarowa. A taragon tanki, wanda guntun bututun roba na masu aikin famfo yake yi masa kyau, ka ɗiga baƙi daga murfin sama. Rufi yakan koɗe ya yi fari-fari saboda rana, sai ka goga masa ɗan alli. Tsinken ashana yana zama katakon bangon taragon shanu, tsohon ƙyalle mai laushi da aka jiƙa da gam yana zama tamfal. Domin tsakuwar dogo, ka tankaɗe yashi mai ɗan kauri, ka baje shi tsakanin silifofi da burushi, ka fesa masa ruwa kaɗan, sannan ka ɗiɗɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa rabi da rabi tare da ɗigon sabulun wanke-wanke guda, ka bar shi ya kwana kafin ka ɗora tarago a kai.